Takardar Asibiti Ta Hana Ka Karɓar Makulli? Jagora Ga Sabon Direban Babbar Mota A Kebbi

Mutum zai shekara biyar ko shida yana yaron mota, daga ɗaure tamfol da canjin taya har maigidansa ya fara sakar masa sitiyari tsakanin Koko da Yawuri. Ya yi lasisi, an yi masa hanya a kamfanin da ke jigilar shinkafa ko siminti ko mai, ya ci gwajin tuƙi, ya yi ribas da tirela ya ajiye ta daidai inda aka nuna masa. Saura abu guda, a je asibiti a kawo takardar lafiya. A nan ne da yawa suke maƙalewa, motar da aka ware musu kuma a miƙa wa wani.

Yawancin abin da ke tsayar da sabon direba a gaban likita yana gyaruwa cikin sati biyu zuwa shida. Inda gizo ke saƙar shi ne, ranar da kamfani ya tura shi ita ce rana ta farko da aka taɓa ɗaura masa abin awon jini a damtse, kamfani kuwa ba ya ajiye mota tana jiran mutum. Saboda haka duk dabarar tana cikin riga kamfani sanin halin da jikinka yake ciki.

Da farko, san takardar da ake nema

Takardar lafiya iri biyu ce, kuma mutane suna haɗa su. Akwai wadda ake nema wajen yin lasisin tuƙin haya a Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC: takardar shaidar lafiya daga asibitin gwamnati, tare da gwajin jami'an duba motoci, wato VIO. Lasisin haya sai wanda ya cika shekara 26, kuma ajin G shi ne na mota mai jan bodi kamar tirela da tanka. Ta biyu ita ce ta kamfanin da zai ɗauke ka, kuma ta fi zafi. Kamfani yana iya cewa sai asibitinsa ko likitan da ya zaɓa, ya ƙara gwajin ƙwaya da hoton ƙirji. Wadda ka kai wajen lasisi ba lalle ta wadatar da shi ba.

Don haka kafin ka kashe ko sisi, tambayi ofishin ɗaukar ma'aikata abu huɗu: wane asibiti suke karɓa, waɗanne gwaje-gwaje suke so, suna da fom nasu da likita zai cike, kuma takardar wata nawa baya suke amincewa da ita. A rubuta maka. Mutane suna biyan kuɗin gwaji a asibiti mai zaman kansa, su je a ce sai na gwamnati. Sashe na 8 na Dokar Ƙwadago ya ɗora kuɗin duba lafiyar sabon ma'aikaci a kan mai ɗaukar aiki. Idan an ce ka biya a mayar maka, adana kowane rasit.

Sai suna. Ka duba yadda aka rubuta sunanka a lasisi, da NIN, da katin asibiti. Idan nan Muhammadu ne, can Mohammed, can kuma an sa sunan gari a madadin na mahaifi, takarda tana iya dawowa ba tare da wata cuta ba. Ranar yankar kati, ajiye wa ma'aikacin lasisinka ya kwafa harafi da harafi, har da ranar haihuwa. Tafi da hoton fasfo huɗu. Kafin ka bar asibiti ka tabbata akwai sunan likita, sa hannunsa, kwanan wata da hatimin asibiti.

Gwajin kanka, sati huɗu zuwa shida kafin na kamfani

Je babban asibitin da ya fi kusa da kai, Argungu ne, Jega, Yawuri ko Zuru, ko Asibitin Sir Yahaya ko asibitin tarayya da aka fi sani da FMC idan kana Birnin Kebbi. Ka ce a auna maka jini, a gwada suga, a gwada fitsari, a duba ido. Waɗannan huɗu ba su da tsada, kuma su ne suka fi tsayar da mutane. Wannan gwajin naka ne, ba wanda zai gan shi sai kai da likita.

Hawan jini

Shi ne kan gaba, kuma shi ya fi ba mutane mamaki, domin ba ya ciwo. Saurayi ɗan shekara 30 da ke sauke buhu ɗari ba tare da haki ba yana iya samun sa. Awon lamba biyu ne, ta sama da ta ƙasa. Wajen 120 bisa 80 lafiya lau ne. Daga 140 bisa 90 ake kiransa hawan jini idan ya maimaitu a ranaku daban-daban. Wanda ya kai 160 bisa 100 yawanci za a ɗora shi a kan magani a ce ya dawo. Wanda ya kai 180 bisa 110 kuwa, maganar takarda ta tsaya, a ranar za a fara yi masa magani.

Awo ɗaya ba ya yanke hukunci, kuma abubuwa da dama suna ɗaga shi na ɗan lokaci. Mutum ya taso tun asuba daga Kamba ko Zuru, ya sha gargada, ya tauna goro don kada ya yi gyangyaɗi, ya kora da shayi mai kauri ko lemon ƙarin kuzari, ya zuƙi taba a bakin asibiti, mafitsara cike, gabansa na faɗuwa saboda aikin da yake nema. Dole awo ya haura. Yadda ya kamata a yi shi ne: babu goro, taba, kofi ko shayi aƙalla rabin awa kafin awo, ka yi fitsari, ka zauna minti biyar ka jingina baya, tafin ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai da ƙirji, kada ka yi magana ana aunawa. Idan damtsenka mai kauri ne ka nemi a sa babban maɗauri, domin ƙarami yana ƙara lamba. In ya fito sama, ka roƙi a sake bayan ka huta. Wannan haƙƙinka ne, kuma likitan kirki ma da kansa zai ce a sake.

Akwai magungunan da direbobi ke sha kamar gyaɗa waɗanda suke ɗaga jini: diclofenac da ibuprofen na ciwon baya da gaɓoɓi, da wasu magungunan mura masu buɗe hanci. Ka gaya wa likita idan kana shan su.

Idan ya tabbata hawan jini ne, abu ne mai sauƙin kamawa. Sau da yawa ana farawa da amlodipine mai miligiram 5 sau ɗaya a rana, a ƙara zuwa 10 ko a haɗa da wani idan bai sauka ba. Maganin yana ɗaukar kusan mako guda kafin ya zauna a jiki, shi ya sa ake cewa a dawo bayan sati biyu zuwa huɗu. Wasu ƙafarsu takan ɗan kumbura da shi, masu shan lisinopril kuma wasu sukan yi busasshen tari. Ka koma a canza maka, kada ka daina da kanka. A cikin makon ƙarshe ka riƙa zuwa kemis ko ƙaramin asibitin unguwa ana auna ka safe da yamma, a rubuta kwanan wata da lamba a takarda guda. Wannan takardar ta kwana bakwai tana da nauyi a gaban likitan kamfani, musamman ga wanda jininsa ke hawa da zarar ya ga farar riga.

Gishiri kuma a rage shi da gaske. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, duk abin da ka ci a haɗe. Ba na cikin miya kaɗai ba ne: dunƙulen magi, yajin tsire, kilishi, sinadarin taliyar leda, har kanwar da ake sa wa kunu da wake, duk suna cikin lissafi.

Abin da ba a yi shi ne aron ƙwayar hawan jinin wani a haɗiya daren gwaji. Ko dai ba ta yi komai ba, ko ta faɗar da jinin ka miƙe jiri ya kwashe ka a gaban nas. In ma ta yi aiki ka sami takarda, takardar ba ta hana shanyewar ɓarin jiki a kan gangaren Jebba da lodin tan talatin a bayanka. Mai hawan jini da ke shan magani, awonsa ya daidaita, yana samun takarda kuma yana tuƙi shekara da shekaru.

Ido

Za a tsayar da kai mita 6 daga allo mai haruffa, manya a sama suna ƙanƙancewa zuwa ƙasa, a rufe ido ɗaya a gwada ɗaya. Sakamakon 6/6 shi ne cikakken gani. Idan an rubuta 6/9, ma'anarsa abin da lafiyayyen ido ke karantawa daga mita 9 kai sai ka matso mita 6. Ga direban haya ana neman idon da ya fi gani ya kai 6/9, ɗayan ma kada ya yi rauni ƙwarai. Wanda bai iya karanta boko ba ya faɗa tun farko. Akwai allon da harafi ɗaya ne mai ƙafa uku yana fuskantar sama, ƙasa, dama ko hagu, da hannu kawai za ka nuna. Akwai masu faɗuwa gwajin ido saboda kunyar cewa ba su san haruffa ba, alhali idonsu garau.

Kana iya gwada kanka a tasha: tsaya mita 20 daga wata mota da rana, rufe ido ɗaya da tafin hannu, karanta lambarta, sannan ka sauya. Mutane da yawa ba su san ido ɗaya ya tafi ba sai ranar da suka rufe mai kyan.

Idan ganin bai kai ba, za a ba ka wani faifai mai ɗan ƙaramin huji ka leƙa. In gani ya gyaru ta hujin, galibi tabarau ne maganinka: a auna, a yanka gilashi, cikin 'yan kwanaki ko sati biyu ka dawo a sake gwaji da shi a fuskarka. Za a rubuta cewa da tabarau kake tuƙi, kuma hakan ba aibi ba ne. Yi guda biyu, ɗaya ya zauna a mota. Tabarau na tebur da ake saya a kasuwa na karatu ne, ba ya gyara ganin nesa.

In hujin bai gyara ba, sai an duba cikin idon. Za a ɗiga maka maganin da ke buɗe ƙwayar ido, gani zai dushe na awa huɗu zuwa shida, don haka kada ka zo da mashin ko mota ranar. Yanar ido ana cire ta da ɗan gajeren aiki a sa gilashin roba a ciki, bayan sati huɗu zuwa shida a sake auna ka. Kada ka bari mai maganin gargajiya ya ture yanar da tsinke ko allura, idon da aka yi wa haka sau da yawa ba ya dawowa. Naman da ke tsirowa daga gefen ido saboda rana da ƙura ba ya hana takarda sai ya hau kan baƙin ido.

Mai haɗarin shi ne hawan jinin ido, wanda likitoci ke kira gilakoma. Yana cin gani daga gefe zuwa tsakiya, mutum yana karanta allo tsaf amma ba ya ganin ɗan acaɓan da ya ɓullo ta gefensa. Abin da ya ci ba ya dawowa, maganin ɗigawa yana tsare abin da ya rage ne kawai. Idan a gidanku akwai wanda ya makance a hankali ba tare da yana ba, nemi a auna maka ƙarfin ruwan ido, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin 10 da 21.

Akwai kuma ɗan littafi mai ɗige-ɗigen launi da lamba a ɓoye a ciki. Wanda ba ya bambance ja da kore gado ya yi, ya fi yawa a maza, kuma ba shi da magani. Wasu kamfanoni suna ɗaga ƙafa, wasu ba sa yi. Gara ka sani tun kafin ka biya kuɗin mota zuwa Legas.

Suga

Gwajin na mai azumin awa takwas ne: ka ci abincin dare, da safe ruwa zalla kawai har a ɗibi jini. Shayi, koko, fura, ko da rabin kofi ne, sun ɓata gwajin. Idan ka karya ka faɗa, a sake maka rana. A watan azumi sai a lissafa awa takwas daga sahur, wato bayan azahar.

Sakamakon 7.0 ko sama, in ya maimaitu, ciwon suga ne. Wasu na'urori da wani ma'auni suke aiki, a nan lambar ita ce 126, domin ana ninka ta farko sau 18 ne. Ka kula da wannan, kada ka ga 95 hankalinka ya tashi alhali lafiya ce. Ƙin cin abinci kwana biyu don lamba ta sauka ba ya ɓoye komai idan aka yi gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan wata biyu zuwa uku da suka wuce. Daga 6.5 cikin ɗari ake kiransa ciwon suga.

Abin da likitan kamfani ya fi tsoro ga mai suga shi ne faɗuwarsa a kan sitiyari. Ƙasa da 3.9, wato 70, mutum yana rawar jiki, gumi, ruɗewa, har suma. Allurar insulin da ƙwayar glibenclamide suna iya jawo haka, musamman ga direban da ke tsallake abinci. Metformin da wuya ta yi. Saboda haka ka gaya wa mai rubuta maka magani cewa babbar mota kake ja, domin hakan yana canza zaɓinsa. Mai shan ƙwaya da sugansa ya daidaita yakan samu takarda da sharaɗin dawowa. Mai allura lamarinsa ya fi tsauri, sai ƙwararren likita ya sa baki.

Fitsari, da abin da ruwan fadama ke bari

Ana tsoma ɗan tsinken takarda a fitsari a duba suga, jini da sinadarin da ke nuna ƙoda tana yoyo. A Kebbi, jini a fitsarin saurayi sau da yawa tsargiya ce. Duk wanda ya tashi yana wanka ko su a kogin Neja wajen Yawuri, ko gulbin Argungu, ko yana dashen shinkafa a fadama, yana iya ɗauke da ita ko da idonsa ba ya ganin jinin. Likitan da ke kudu ba lalle tunaninsa ya fara zuwa nan ba, sai ya tura ka hoton ƙoda da wasu gwaje-gwaje, sati ya tafi. Ka gaya masa inda ka tashi. Ana duba ƙwan tsutsar a fitsari, maganinta praziquantel ne gwargwadon nauyin jiki, miligiram 40 ga kowane kilo, sha ɗaya bayan an ci abinci. Ka yi wannan a gida tun kafin gwajin kamfani, domin jinin yakan ɗauki 'yan makonni kafin ya ɗauke. Wajen bayar da fitsari, bar na farko ya zuba, ka tari na tsakiya. A watannin zafi, Maris zuwa Mayu, ka sha ruwa yadda ka saba, kada ka zo da fitsari ja kamar shayi.

Gwajin ƙwaya

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Manyan kamfanoni, musamman masu tankar mai, suna gwada fitsari don wiwi, kodin, tiramol, da ƙwayoyin barci irin su diazepam. Mai shan wiwi kullum yana iya nunawa har wata guda bayan ya daina. Ɗura ruwa a ciki, lemon tsami, tsamiya, madara, babu wanda ke wanke shi. Fitsarin da ya tsinke da yawa ana gane shi a ɗakin gwaji a ce a sake, na aro kuma sanyinsa ke tona shi, don wanda ya fito daga jiki yanzu da ɗuminsa yake zuwa. Wanda aka kama da maguɗi ya fi wanda ya faɗi gwajin shiga uku, domin shi ba a ce masa ya dawo. Kamfanonin kuma suna sake gwaji ba sanarwa bayan an fara aiki.

Tun 2018 gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Tiramol da aka amince da shi a asibiti mai 50 ne da mai 100, mai 225 da ake sayarwa a tasha haramtacce ne, kuma yawansa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Wanda ya daɗe yana shan tiramol ko diazepam kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai, musamman diazepam, yankewar kanta tana iya kayar da mutum. A je wa likita a rage a hankali. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato yana wannan aikin, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace.

Akwai kuma wanda bai taɓa shaye-shaye ba amma gwaji ya kama shi. Hanya biyu ce. Ta farko, haɗe-haɗen da ake sayarwa a tasha: shayin da ake cewa yana hana barci, maganin ƙarfi, maganin basir na jarka, ƙullin ƙwayoyi na ciwon jiki da mai kemis ke haɗawa. Ba ka san abin da aka zuba ba. Ka bar su gaba ɗaya tun daga ranar da ka fara neman aikin. Ta biyu, magungunan asibiti na halak da ke ruɗa gwajin gaggawa: rifampicin na tarin fuka da ofloxacin suna iya fitowa kamar dangin kodin, efavirenz na cuta mai karya garkuwar jiki kamar wiwi, wasu magungunan mura kamar ƙwayar ƙara kuzari. Shi ya sa za ka zo da kwalin duk maganin da ka sha cikin sati biyu da takardar likita, ka nuna kafin ka ba da fitsari. Bayanin da aka yi bayan sakamako ya fito kamar kame-kame yake. In ka tabbata ba ka sha komai ba, ka nemi a tura samfurin babban ɗakin gwaji don tabbatarwa, gwajin tsinke na share fage ne kawai.

Ƙirji, hanta da sauransu

Idan hoton ƙirji ya nuna tabo, za a karɓi majina a gwada ta da na'urar GeneXpert. Tarin fuka maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, wata shida ake sha, kuma bayan makonnin farko na shan magani daidai yawanci mutum ya daina yaɗa shi. Likita ne zai rubuta ranar da za ka iya fara aiki. Wanda ya taɓa yi ya warke, tabon yana nan har abada, don haka ya ajiye katin da ke nuna ya kammala magani kamar yadda yake ajiye lasisi. Rashin wannan katin kaɗai yana cin sati biyu.

Ciwon hanta nau'in B yana fitowa a jinin mutane da yawa a ƙasar nan ba tare da sun taɓa jin komai ba. Ba ya hana tuƙi. Za a so a ga gwajin aikin hanta, wani lokaci da hoton ciki, sai likita ya rubuta cewa kana iya aiki. Game da cuta mai karya garkuwar jiki, dokar hana wariya ta 2014 ta haramta a mayar da gwajinta sharaɗin ba da aiki. Jinin AS ba matsala ba ne.

Kunne: sau da yawa datti ne ya toshe. A ɗiga man zaitun kwana uku zuwa biyar, a je a wanke a asibiti, kada a sa tsinken ashana ko gashin kaza. Ƙaba ko gwaiwa za a ce a yi aiki, sannan sati huɗu zuwa shida ba ɗaga nauyi.

Waɗanda ba a yi musu dabara

Farfaɗiya, suma ba dalili, ciwon zuciya mai sa ciwon ƙirji ko haki, da ganin da ya lalace ta gefe. Waɗannan suna iya rufe ƙofar babbar mota, kuma da hujja. A Ingila, wanda ya yi farfaɗiya sai ya shekara 10 ba ta tashi ba, ba tare da magani ba, kafin a ba shi lasisin babbar mota. Ɓoye ta a fom ba wayo ba ne, tirela ba ta da wanda zai karɓi sitiyari in ka faɗi. Mai irin wannan lalura ya nemi kamfanin ya duba masa aikin yadi, awon kaya, sito ko kula da lodi, sanin mota da ya tara ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Akwai ɗaya da ba a cika tambaya ba amma ya kamata a faɗa: mai ƙiba da kaurin wuya, mai minshari har numfashinsa ya riƙa ɗaukewa cikin barci, ya tashi da ciwon kai, rana ta yi yana gyangyaɗi a zaune. Matarka ko abokin kwananka a tasha sun fi ka sani, ka tambaye su. Cuta ce, tana da magani, kuma ita ce ke sa wani jinin ya ƙi sauka duk da ƙwaya.

Idan an riga an tsayar da kai

Hukuncin likita huɗu ne: ka dace, ka dace da sharaɗi kamar tabarau ko shan magani, ba ka dace ba a yanzu, ko ba ka dace ba sam. Mutane da yawa suna jin na uku su ɗauka na huɗu ne, su koma gida su yi zuciya. Kafin ka fita ɗakin, ka tambayi likita: wanne ne a ciki, wace lamba ce ta hana, wace lamba ake so, kuma yaushe zan dawo. Ka karɓi kwafin sakamakon, ko ka ɗauke shi a waya.

A ranar ka sanar da ofishin kamfani da bakinka, kada ka ɓace. Ka ce likita ya ba ka sati kaza, ga ranar dawowa, ka roƙi a bar sunanka a jerin masu jira ko a sa ka cikin rukuni na gaba. Idan wani dattijo a ƙungiyar direbobi ko maigidanka na da ne ya tsaya maka, je ka same shi: "Baba, ga abin da likita ya gani, ga maganin da aka ɗora ni, ranar kaza zan koma." Wanda ya yi maka hanya ya fi son ya ji daga gare ka.

Sannan ka yi maganin a asibiti guda, da kati guda, don tarihinka ya taru wuri ɗaya. In an tura ka ga ƙwararre a Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, tambayi ranar da asibitin ido ko na zuciya ke zama kafin ka hau mota, ba kullum suke ganin mutane ba. Ka ce wa ƙwararren ya rubuta a fili cewa kana iya tuƙin babbar mota, domin takardar da ta ce kana samun sauƙi kawai ba ta isar likitan kamfani. Masu tare mutane a bakin asibiti suna cewa za su kawo takarda da hatimi cikin awa ɗaya, ka wuce su. Kamfani yana buga waya ya tambayi lambar kati, in babu fayil da sunanka aikin ya tafi, ga kuma laifin takardar jabu.

Ranar komawa ka kwana a garin idan daga nesa kake, ka yi barci sosai. Maganin hawan jini a sha shi da safe da ruwa kamar kullum, ko da za a yi gwajin suga. Maganin suga kuwa a riƙe shi a aljihu sai an ɗibi jini an ci abinci. Ka zo da tabarau, kwalayen magani, takardar awon kwana bakwai, rahoton ƙwararre, tsohon sakamako, lasisi da NIN, duk a leda guda. Ka isa da wuri yadda za ka sami rabin awa a zaune a inuwa kafin a kira sunanka.